Dogon Hutun da Na Yi a Gidan Zoo na Bronx

A birnin New York makarantun gwamnati suna rufewa ne a ƙarshen watan Yuni, ba a komawa sai farkon Satumba. Wata biyu da 'yan kwanaki ke nan, kuma a gidaje irin namu babu mai sukunin kwasar yara a tafi yawon buɗe ido. Baba yana tuƙin tasi, Umma tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, mu kuwa daga mu sai waya da fanka a can saman bene. Akwai shirin hukumar birni da ake kira SYEP, wanda ke sama wa matasa daga shekara 14 zuwa 24 aikin hutu da ɗan abin sakawa a aljihu, amma ƙuri'a ake yi, wani ya samu wani ya rasa. Shekarata 15 a lokacin, ban daɗe da zuwa daga Bauchi ba. Turancina na takarda ne. In dai rubutu ne ba na jin tsoron kowa, amma da na buɗe baki a aji sai an ce in maimaita, har na koyi yin shiru.

Tun sanyi bai fita ba malamar kimiyyarmu ta ja mana kunne kada kowa ya jingina da ƙuri'a. Ta jera mana wuraren da ke karɓar matasa 'yan sa kai a allo: laburare, asibitoci, wuraren raba abinci, sai gidan zoo. Na ƙarshen ne ya tsaya min a rai. Gidan zoo na Bronx, ɗaya daga cikin yankunan birnin New York, ba ƙaramin wuri ba ne. An buɗe shi a 1899, faɗinsa eka 265, kogin Bronx ya ratsa ta cikinsa. Ƙungiyar da ke tafiyar da shi, Wildlife Conservation Society, wadda kowa ke taƙaitawa da WCS, ita ce kuma ke riƙe da ƙananan gidajen zoo na Central Park da Prospect Park da Queens, da gidan kifaye na Coney Island. Suna da shirin matasa mai suna Discovery Guide, ana shiga daga shekara 14.

Da daddare na ari wayar Umma na buɗe shafinsu, ina ta latse-latse har na faɗa jerin ƙasashen da suke aiki. Najeriya na ciki, a ƙarƙashinta kuma sai ga Yankari. Makarantarmu ta firamare ta taɓa loda mu a bas zuwa can: hanyar Gombe, a karya kwana a Dindima, a shiga ta ƙofar Mainamaji, sannan a yi ta tafiya cikin daji har sansanin Wikki. Ba na manta ruwan nan mai ɗumi da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai, ana ganin yashin ƙasansa, ɗuminsa bai canzawa dare da rana. Ba na manta mugun dawa da ke durƙusawa a kan gwiwa yana kiwo a gaban ɗakunan baƙi, ko biran da suka fizge ledar burodi daga hannun malaminmu suka haye rufin kwano suna ci suna kallonsa. Da aka zaga da mu bakin kogin Gaji mun ga gwambaza da ɓauna, giwa kuwa sai kashinta da rassan da ta karya. Ashe mutanen da ke tallafa wa masu gadin dajin nan wajen sintiri, bisa yarjejeniyar da suka ƙulla da gwamnatin jihar Bauchi a 2014, babban ofishinsu yana cikin gidan zoo ɗin nan, tafiyar bas ɗaya daga gidanmu.

Fom ɗin ta intanet ake cikewa, kuma yawancinsa ba wuya: suna, makaranta, aji, ranakun da mutum ke da sarari, lambar wanda za a kira idan wani abu ya taso. Inda ake tsayawa shi ne wurin da aka ce ka rubuta dalilinka na neman shiga. Malamarmu ta riga ta gaya mana cewa duk wanda ya nemi wannan aiki yana son dabbobi, don haka rubuta "ina son dabbobi" ɓata wuri ne. Abin da masu karantawa ke nema shi ne ko ka taɓa tsayawa gaban mutane, ko ka taɓa riƙe wani aiki har ƙarshensa. Sai na rubuta labarin biran Yankari a taƙaice, na kuma rubuta cewa duk Asabar da Lahadi ni ke riƙe ajin ƙananan yara a Islamiyyar unguwarmu, 'yan shekara biyar da shida, kuma wanda ya iya sa su zauna minti goma ba ya tsoron taro. Malamar ta gyara min waƙafi biyu ko uku, ta ce kada in taɓa sauran.

Abin da ya fi fom wuya shi ne sa hannun Baba, domin wanda bai kai shekara 18 ba sai da amincewar iyaye. Na bari sai da ya ci abinci ya miƙe ƙafa sannan na kawo maganar. Ya saurara har na gama.

"To nawa za su riƙa ba ki, Mamana?"

"Ba a biya, Baba. Aikin sa kai ne."

"Amma masu shiga suna biyan kuɗin ƙofa?"

"Suna biya."

"Af! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan."

Umma ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa idona ya ciko. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ke zaune a bayan sitiyari tun asuba don ya haɗa kuɗin haya, ka ce masa 'yarsa za ta wuni a rana kyauta, dole ya ga abin banbaraƙwai. Kuma ba kuɗin kaɗai ne ya dame shi ba. A tunaninsa shara za a ba ni da kwasar kashin dabbobi, ko a tura ni kusa da abin da zai iya cizo. Ƙanin Umma da ya yi karatu a nan shi ya shigo maganar. Ya bayyana masa cewa jami'o'in Amurka ba sakamakon jarrabawa kaɗai suke dubawa ba, suna tambayar abin da yaro ya yi da lokacinsa a wajen aji, suna kuma neman wasiƙar shaida daga manyan da suka ga aikinsa. Yaran masu hali iyayensu ke nema musu irin waɗannan ƙofofi, namu kuwa sai sun ƙwanƙwasa da kansu. Baba ya ce sai ya ga wurin da idonsa. Shekara da shekaru yana wucewa ta gaban ƙofar nan ta titin Fordham da fasinja, bai taɓa leƙawa ba.

Ranar Laraba ana shiga kyauta, amma sai an kama tikiti ta intanet da wuri domin ƙarewa yake yi. A hutun makaranta na watan Afrilu muka je mu biyu. Ya yi ta tafiya hannu a baya, bai ce komai ba, har muka iso wurin zakuna. Babu keji, babu ƙarfe, rami ne mai zurfi ya raba su da mutane da kuma dabbobin da ke kiwo a can gefe, tsarin da aka yi tun 1941. Ya daɗe yana auna ramin da ido. A hanyar fita ya gindaya sharuɗɗa biyu: in dawo gida kafin magariba, kuma kada salla ta wuce ni. Ya sa hannu a cikin mota, a kan sitiyari. Daga baya sakamakon ƙuri'ar SYEP ya fito babu sunana, sai abin ya zo daidai.

An kira mu ganawa rukuni-rukuni. A rukuninmu akwai 'yar Dominika, da ɗan Bangaladash, da wani dogo ɗan Jamaika da ya san sunan kowane maciji a duniya kuma yana son kowa ya san ya sani. An ce kowa ya gabatar da kansa, an ba mu ɗan aiki mu yi tare, sannan aka yi mana tambayoyi irin na "me za ka yi idan": yaro ya zo yana kuka ya ɓace wa uwarsa, baƙo ya tambaye ka abin da ba ka sani ba, wani yana buga gilashin dabba. Na lura ba ilimin dabbobi ake aunawa ba. Ana duba wanda ke barin wani ya gama magana, da wanda ke kallon mutum a ido. Wannan na biyun ya ba ni wahala, domin mu an raine mu a kan cewa ƙura wa babba ido rashin kunya ne, a nan kuwa sunkuyar da kai ake ɗauka rashin gaskiya ko rashin sha'awa. Na daure na ɗaga kai. Bayan 'yan makonni saƙon imel ya zo cewa an ɗauke ni.

A zaman horo na farko aka kashe mana wani buri da kusan kowa ya zo da shi a ɓoye: ba za mu taɓa dabba ba, ba za mu ba ta abinci ba, ba za mu shiga bayan fage inda masu kula da su ke aiki ba. Wannan aikin ma'aikata ne da suka yi karatunsa suka kuma yi shekaru suna koyo, kuma dokar tana kare dabbar ne kamar yadda take kare mutum. A nan gidan ne a watan Afrilun 2020 aka tabbatar wata damisar Asiya mai suna Nadia ta kamu da korona, kuma daga ɗan Adam ta ɗauka. Mu aikinmu mutane ne. Duk wanda zai nemi irin wannan aiki ya san haka tun daga gida, kada ya zo da mafarkin rungumar ɗan zaki. Wasu daga cikinmu jikinsu ya yi sanyi a ranar, kuma ba duka ne suka kai ƙarshen hutun ba.

An koya mana taswirar wurin har sai da muka haddace, kuma da gaskiyarsu, domin tambayar da ta fi kowace yawa a gidan zoo ita ce ina banɗaki yake, sai mai bi mata, ina gwaggon biri. An koya mana abin yi idan yaro ya ɓata: ka tsaya tare da shi inda kake, ka kira ma'aikaci, kada ka kama hannunsa ka shiga yawon neman uwa. An hana mu ƙirƙirar amsa. Idan ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ku duba allon bayani tare. An kuma koya mana yadda ake buɗe magana da tambaya maimakon lacca, da yadda ake durƙusawa daidai tsawon yaro kafin a yi masa magana. Aka ba mu riga da bajin suna. Na sa tawa a kan doguwar riga mai hannu da ɗan hijabina, babu wanda ya ce uffan. Maganar salla ma da na gaya wa shugabar rukuninmu, tambaya ɗaya ta yi, ƙarfe nawa, ta daidaita min lokacin hutun rana da azahar.

Aikin kansa tebur ne a bakin hanya, a inuwa idan an yi sa'a, da 'yan kayan wasa da hotuna da abubuwan da yara za su iya taɓawa, mu biyu ko uku a tsaye. A nan na gane cewa talla ce. Kamar yarinya mai tallar gyaɗa a tasha, in kika tsaya shiru kina jiran a kira ki, da kayanki za ki koma gida. Mutane suna sauri, sun biya kuɗi, yara suna jan su zuwa wurin zaki, ba wanda ya fito gida don ya saurari 'yar shekara 15. Da farko ina cewa "ko kuna son ku koyi wani abu game da dabbobi?" sai su yi murmushi su wuce. Abokiyar aikina 'yar Dominika ita ta nuna min dabara. Ba ta kula iyaye. Sai ta ɗaga abu sama ta ce wa yaron, "Kai, wa ya fi yawan ƙashi a wuya, kai ko raƙumin dawa?" Yaro ya ja birki, uwa dole ta tsaya. Amsar ita ce daidai suke, bakwai-bakwai, nasa ne kawai kowane ɗaya ya yi tsawo. Da yaro ya shafa wuyansa yana ƙirgawa, kin samu minti uku, kuma a cikin minti ukun nan ake shigar da maganar da aka zo dominta: me ke rage dabbar a daji, me mutum zai iya yi.

Inda na fi sakewa shi ne kusa da kuraye. Yaran Amurka sun zo da tunaninsu daga fina-finan katun, cewa kura ɓarauniya ce matsoraciya mai cin saura. Ni ma da irin nawa na zo, domin a tatsuniyoyinmu kura ce kullum sakarya mai haɗama da Gizo ke yi wa wayo, a titi kuma mun san ta da takunkumi da sarƙa a hannun gardi. Duka biyun zalunci ne a kanta. Kura mai dabbare-dabbare ita ke farautar mafi yawan abin da take ci, kuma sau da yawa zaki ne ke ƙwace mata. Mace ta fi namiji girma, ita ce shugabar garke, 'yarta kuma ta gaji matsayinta. Wata rana wani yaro mai kimanin shekara bakwai ya tsaya yana toshe hanci yana cewa ƙazama ce. Na nuna masa hoton ƙoƙon kanta, na sa ya ɗora yatsa a kan dasashinsa na baya ya cije, ya ji inda naman muƙamuƙinsa ke motsi a gefen kai. Na ce masa na kura ya ninka nasa nesa ba kusa ba, da shi take farfasa ƙashin da zaki ya bari, ta haɗiye, cikinta ya narkar. Sannan na rage murya na tambaye shi ko ya san launin kashinta. Ya girgiza kai. Na ce fari, saboda yawan ƙashin da take ci. Yaron nan ya ruga da gudu yana kiran yayarsa, yana shelar abin da ya ji da iyakar muryarsa, uwarsu tana bin sa tana ba mutane haƙuri. Ba a jima ba ya dawo da yara huɗu da ban san inda ya samo su ba, ya ce in sake faɗa. Ban tuna an ce in maimaita don ba a gane Turancina ba a ranar, sai don ana son ƙari.

Bronx cike take da mutanenmu, Hausawan zango daga Kumasi da Accra, 'yan Nijar, 'yan Togo, 'yan Najeriya, don haka jin Hausa a gidan zoo ba abin mamaki ba ne, musamman ranar Laraba. Wata rana kusa da raƙuman dawa na ji wata tsohuwa a keken guragu tana yi wa ɗanta faɗa cewa ya kawo ta kallon abin da take gani kyauta ta tagar mota. Na matsa na rusuna.

"Sannu da hutawa, Hajiya. Ina wuni?"

Ta juyo da sauri ta kama hannuna. "Lahiya lau, ɗiyata! Ke ɗiyar ina ce? Mi kike yi nan cikin bisashe?"

Daga Maraɗi take, ta zo ganin jikoki. Duk lokacin da za ta Yamai, in an wuce Doso an kusa Kure, takan ga raƙuman dawa a bakin hanya suna cin ganyen ƙaya. Na ce mata ai nata sun fi waɗannan tsada. Na nan asalinsu gabashin Afirka ne, na Kure kuwa su ne ragowar irin na Afirka ta Yamma a duk duniya, fatarsu ta fi haske. A tsakiyar shekarun 1990 sun ragu har sun koma kusan 50, aka tashi tsaye aka kare su tare da mutanen ƙauyukan wurin, yanzu sun haura 600. A 2018 ma an ɗebi takwas an kai gandun Gadabeji, a jiharta ta Maraɗi. Ta dubi ɗanta ta ce, "Ka ji ko? Mu ke da na ƙwarai." Ta sa min albarka mai tsawo, ta kwance bakin zane za ta ba ni dala biyar. Na ce an hana mu karɓa. Ta ce wannan wace irin doka ce, ta cusa min goro a hannu.

Ba kowace tambaya ce mai daɗi ba. Wani dattijo baƙar fata ɗan Amurka ya tsaya a teburinmu ya dube ni, ya dubi bajina, ya tambaye ni ko na san Ota Benga. Na sani, domin na karanta kafin in fara. Mutumin Kwango ne, daga ƙabilar Mbuti, wanda a watan Satumban 1906 aka ajiye shi a ɗakin birai na wannan gidan zoo mutane suna tururuwar kallonsa, har sai da limaman cocin baƙaƙen fata suka tayar da ƙura aka fitar da shi. Bai sake ganin ƙasarsa ba, ya kashe kansa a Lynchburg ta jihar Virginia a 1916. Sai a watan Yulin 2020 WCS ta fito fili ta nemi gafara. Na gaya wa dattijon abin da na sani. Ya gyaɗa kai ya ce yana so ne kawai ya tabbatar an gaya mana. Ni 'yar Afirka ce sanye da rigar wurin, ba zan ce abin bai taɓa ni ba, kuma ina ganin duk yaronmu da zai sa rigar nan ya kamata ya san labarin kafin wani ya tare shi da shi.

Sai maganar tsare dabbobi ita kanta. An yi ta tambayarmu game da Happy, giwar Asiya da aka kawo gidan a 1977, wadda wata ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta kai ƙara a sake ta zuwa gandun giwaye, har babbar kotun jihar New York ta yanke hukunci a watan Yunin 2022, alƙalai biyar a kan biyu, cewa dokar da ke hana tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba ba ta hau kan giwa ba. Irin wannan tambaya ma'aikata muke miƙa wa, haka tsarin yake. Amma ni ina da nawa ra'ayin. Akwai wani ɗan mitsitsin kwaɗo na Tanzaniya da ke rayuwa a feshin ruwan da ke zubowa daga tsauni a kogin Kihansi kaɗai. Da aka gina madatsar ruwa feshin ya ragu, ya ƙare a daji ƙaƙaf, kuma da ba don waɗanda aka kiwata a gidajen zoo na Bronx da na birnin Toledo ba, da babu abin da za a mayar a 2012. Haka ɓaunar Amurka: a 1907 daga nan aka loda 15 a jirgin ƙasa zuwa Oklahoma lokacin da mafarauta suka kusa gamawa da ita. A kan irin waɗannan, hujjar gidan zoo tana da ƙarfi. A kan giwa kuwa, wadda a Yankari take yin tafiyar kilomitoci a rana cikin danginta, ban gamsu ba, kuma su kansu masu gidan zoo ɗin tun 2006 suka sanar ba za su ƙara kawo sababbin giwaye ba. Mutum yana iya yin aiki a wuri da zuciya ɗaya ba tare da ya haɗiye komai nasa ba.

Wahalar jiki kuwa a shirya mata. Zafin Yuli a New York mai gumi ne, ba irin busasshen zafinmu ba, riga tana manne wa baya tun kafin hantsi. Takalmi mai laushi da gorar ruwa sun fi komai. Ranar Laraba ƙafa ba ta samun wurin takawa, ga ayarin yaran sansanonin hutu cikin riguna iri ɗaya, malamansu suna ƙirga kawuna kowane minti biyar. Abincin ciki da tsada, don haka daga gida nake zuwa da nawa, kuma sai an yi hattara da ɗawisu, domin sake suke yawo a ko'ina kuma ba su da kunya ko kaɗan. Wanda zai makara ko ba zai zo ba ya sanar da wuri. A kan wannan ake gane yaro, kuma shi ake tunawa ranar rubuta wasiƙa.

Da hutu ya ƙare an ba ni shaidar awannin da na yi, na kai makaranta aka shigar a fayil ɗina. Wasiƙar shaida kuwa na nema tun shugabar rukuninmu ba ta manta fuskata ba, ban bari sai lokacin neman jami'a ba, kuma ita ce ta tura min sanarwa da aka buɗe ɗaukar matasa aikin lokacin zafi mai albashi, irin na sayar da tikiti da abinci da kula da layi. Masu rigar sa kai na bara su ne suka riga kowa sanin wurin, ba sai an nuna musu hanya ba.

Wani ɗan kawuna da ke Kano, da ya ji labarin, ya tambaye ni ko zai iya yin irin haka a gidan zoo na Audu Baƙo. Na ce kada ya je shi kaɗai yana cewa yana son dabbobi. Ya haɗa 'yan ajinsu biyar ko shida a matsayin kulob, malamin bayoloji ya shige musu gaba, shugaban makaranta ya sa hannu a takarda, kuma su rubuta ainihin abin da za su yi da ranar da za su yi shi: su tsaya gaban kejin kura da na jimina a ranakun bikin Salla, lokacin da yara ke cika wurin maƙil, su hana jifa da tsokana, su yi bayani da Hausa.